In Ƙota Ta Ƙi Hannu, Laifin Wa?

Ran nan da la'asar ina zaune a ƙofar gida, sai ga gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta iso da sauri kamar an koro ta. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta kwance bakin zane, ta zaro wayarta, 'yar ƙaramar nan mai madannai, ta miƙo mini. Ta ce, "Ɗan nan, duba mini. Tun jiya ta yi kuka, ga wani abu ya fito a fuskarta, na rasa kansa."

Na duba. Ashe saƙon banki ne, ɗanta da ke aiki a Legas ya turo mata kuɗin taki. Da Turanci aka rubuta shi, aka cika shi da lambobi da guntayen kalmomi waɗanda ni kaina sai da na maimaita sau biyu. Na faɗa mata. Ta yi murna, ta sa wa ɗan albarka, sa'an nan ta girgiza kai ta ce, "Mu dai kanmu ya riga ya toshe. Wannan abu na 'yan boko ne."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Gama matar da ta ce kanta ya toshe, ita ce uwar adashin mata 20 a unguwarmu, ba littafi ba alƙalami, kuma ban taɓa jin an ce ta rikita zubi ko kwasa ba. In ta damƙi gero a hannu za ta gaya maka na bana ne ko na bara. To, ina toshewar take?

Akwai kuma abu na biyu, wanda ya fi na farin damuna. Yanzu na san nawa ɗanta ya aiko mata, alhali kuwa ba ta yi niyyar gaya mini ba, tilas ce ta sa. Ni ɗan wanta ne, da sauƙi. Amma yaron da ke zaune a rumfar cirar kuɗi a bakin titi, shi ma ya san lambar sirrinta, domin shi take miƙa wa kati ya danna mata. Ya mai karatu, ka ƙirga irin gwaggona nawa ne daga Dawaki zuwa Kwa, daga Tumfafi zuwa Dawanau, maza da mata, waɗanda asirinsu da guminsu ke hannun wanda ya iya danna waya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Darasi daga maƙera

Bari mu fara da abin da muka sani. In manomi ya je maƙera sayen fartanya, maƙerin kirki ba ya ɗauko ko wacce ya danƙa masa. Yakan dube shi sama da ƙasa, ya ga dogo ne ko gajere. Yakan tambaye shi, "Malam, gonar taka jigawa ce ko fadama? Kai za ka riƙe ko yaro?" Sa'an nan ya ba shi ya sunkuya ya gwada sara. In ƙota ta yi kauri a rage, in ta yi tsawo a datse, in ruwan ya karkace a mayar wuta. In kuwa manomin ya dawo bayan kwana uku tafin hannunsa duk ya sale, ba mai ce masa hannunsa ne bai iya noma ba. Kowa ya san ƙota ce ta ƙi hannu.

Wannan hikima ta maƙera ita ce a yau ta zama sana'a mai zaman kanta a kamfanonin da ke ƙera waya da manhajojin da ke cikinta, watau irin su WhatsApp da Facebook da na bankuna. Akwai ma'aikatan da ba su da wani aiki sai su ba mutum kaya, su zauna kusa da shi, su yi shiru, su ga inda zai yi tuntuɓe. Daga nan su koma su gaya wa masu ƙira su gyara, a sake kawowa a gwada. Sunan sana'ar in an juya shi da Hausa shi ne tsara kaya bisa ga yadda mai amfani da shi zai ji da shi. Ni dai a nan zan riƙa kiranta gyaran ƙota.

Wanda ya fi kowa suna a wannan fage wani malami ne ɗan Amurka, Don Norman. A shekarar 1988 ya fitar da littafi a kan tsarin kayan yau da kullum, irin su ƙofa da famfo da murhu. Ya lura cewa mutum yakan tura ƙofar da ja ake yi, ya ji kunya, ya ga wautarsa, alhali mariƙin ƙofar ne bai nuna masa ja ake yi ba. Koyarwarsa ita ce, in mutane da yawa suna yin kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, to a tuhumi mai ƙira. A 1993 ya shiga kamfanin Apple, a can ne kuma sunan sana'ar ya kafu har ya bazu duniya. Ashe ciwon gwaggona na ɗora wa kai laifi ba a ƙauye ya tsaya ba, har masu digiri a Amurka yana kama su.

Waɗanda suka zo suka duba

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, kamfanonin Econet da MTN suka fara. A lokacin layi kaɗai yakan haura N20,000, kira kuma N50 ne ko wane minti, ko da gaisuwa kawai ka yi ka kashe. Sai a 2003 da Glo ya zo aka fara lissafi da daƙiƙa. Tsadar nan ce ta haifi filashin: ka kira, ta yi ƙara sau ɗaya, ka kashe. Ba kamfanin da ya koya mana wannan. Mu muka ƙirƙiro abinmu, har da ma'anoninsa, ɗaya na nufin kira ni, biyu na nufin na sauka lafiya. Masu bincike daga baya suka zo suna rubuta shi a takarda. Wannan ya isa shaida cewa talaka ba ya rasa dabara in kaya ya ba shi ƙofa.

Dattawa za su tuna Nokia mai tocila, wadda ta fito a ƙarshen 2003, lambarta 1100. An yi mata madannai a haɗe domin kada ƙura ta shiga, aka yi mata gefe mara santsi saboda gumi, ga batir mai kwanaki, ga fitila a ka. Wanda ya sa fitilar nan lalle ya san akwai garuruwan da dare ke yi ba lantarki. An sayar da ita fiye da miliyan 200 a duniya.

Kamfanin yana da wani mai bincike, Jan Chipchase, wanda aikinsa shi ne yawo a kasuwanni da unguwannin talakawa a ƙasashe irin su Indiya da Sin da Yuganda, yana kallon yadda ake riƙe waya. Ya ga waɗanda ba su iya karatu ba suna haddace hanyar danne-danne kamar yadda ake haddace hanyar gona, abin da ya fi ƙarfinsu kuma su kai wa maƙwabci. Ya kuma ga waya ɗaya tana yi wa gida guda aiki. A 2007 kamfanin ya fitar da ƙananan wayoyi masu ma'ajiyar lambobi daban-daban a cikin waya ɗaya, domin maigida da uwargida da yaro kowa ya sami tasa.

Bayansu sai ga kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, wanda ya mai da hankalinsa kan Afirka tun 2008. Mutanensa sun ga muna yawo da layi biyu ko uku saboda sabis da rangwamen kira, sai suka yi waya mai cin layi biyu. Sun ga kyamarorin lokacin ba sa fitar da fuskar baƙar fata sosai, sai suka gyara tasu. Suka sa harsuna irin su Hausa da Suwahili da Amharik. Duba aljihun mutum goma a tashar mota yau ka ga wayar wa ta fi yawa. Gani ya kori ji, wanda ya zo ya duba shi ya ci kasuwa.

Ranar da waya ta koyi sauraro

Kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda ke cikin ƙaramar hukumarmu a bakin hanyar Kano zuwa Katsina, an kafa ta a 1985, kuma tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Gero da dawa da masara da wake da riɗi da zoɓo suna shiga suna fita, fatake na zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru. A irin wannan wuri labarin farashi kuɗi ne. Wata malamar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda sabis ya iso, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili kuwa, falke ya daina ɗaukar kaya da ka, sai ya kira ya ji.

To, ka tsaya a Dawanau yau ka lura da hannun dillalai. Kaɗan ne za ka ga suna rubutu. Yawancinsu waya na bakinsu, babban yatsa a kan alamar makirfo, suna cewa, "Alhaji, barka da kasuwa, wake ya ɗan sauka, in turo mota?" Su saki yatsa, magana ta tafi Maraɗi ko Legas, tare da hoton ƙwayar a tafin hannu.

WhatsApp ya fito a 2009, ya kuma shigo da saƙon murya irin na danna ka riƙe a watan Agusta na 2013. Abu biyu suka sa ya shiga ƙauye. Na fari, ba ya tambayar ka wani suna ko adireshin intanet, lambar wayarka ta isa. Na biyu, madanni ɗaya ne: danna, yi magana, saki. A 2022 kamfanin ya ce ana aika saƙon murya wajen biliyan 7 kowace rana. Mu mutanen baka ne tun kaka da kakanni, da sanƙira da maroƙi da ɗan aike muka saba, ga rediyo a rataye a kafaɗa. Da waya ta koyi sauraro, sai matar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta iya gaya wa 'yarta da ke aure a wani gari abin da ke ranta, ba tare da ta zaunar da ɗan makaranta ya rubuta mata ba. Wannan ba ƙaramin 'yanci ba ne.

A Indiya ma an bi wannan sawu. Wata mai bincike, Indrani Medhi, a ofishin Microsoft na birnin Bangalore, ta yi shekaru tana zama da mata 'yan aikin gida waɗanda ba su yi karatu ba, tana gwada musu manhajar da ba rubutu a ciki. Sakamakon da ta fara bugawa a 2006 abin lura ne. Zanen hannu mai sauƙi ya fi alamomin kwamfuta saurin ganewa. Kowane zane yana bukatar murya da za ta faɗi ma'anarsa. Jerin zaɓi a cikin zaɓi, irin na shiga nan ka sake shiga can, yana ɓatar da mutum. Har ta ga wasu suna bin zane daga dama zuwa hagu, domin haka rubutun al'ummarsu yake tafiya, sai da aka sa kibiya. Wanda ya san yawan masu karatun ajami a ƙasarmu ya san wannan darasi namu ne.

A nan gida, a 2016 aka buɗe layin 321 a kan Airtel, inda mutum zai kira ya saurari bayanin noma da lafiya da Hausa, yana danna lamba ɗaya ko biyu. Ba a bukatar babbar waya, ba a bukatar karatu.

Inda har yanzu ƙota ke cin hannu

Kada mai karatu ya ce an gama gyara. Mu tuna farkon 2023, sa'ad da canjin takardun Naira ya sa kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a. Dare ɗaya aka tura mai kayan miya da mai itace su koma tiransifa. Mai ƙaramar waya ba shi da hanya sai lambobin nan masu farawa da tauraro. Ka danna, jeri ya fito da Turanci. Ka zaɓa, wani jeri ya fito. Ka sa lambar asusu guda 10, ka nemo sunan banki, ka sa lambar sirri. In ka tsaya tunani ko ka juya ka tambayi na kusa, sai ta katse, ka koma farko. An auna lokacin nan da saurin ɗan birni mai Turanci, ba da na dattijon da idonsa ya fara hazo ba.

Na ga abin da wannan ya jawo da idona. Wani dattijo maƙwabcinmu ya sayar da buhunan wake, aka nuna masa saƙo a waya aka ce kuɗi sun shiga. Ya ga lambobi, ya ga alamar Naira, ya sallami kaya. Da aka je cira, ba ko kwabo, saƙon na jabu ne. Da a ce wayarsa za ta buɗe baki ta ce masa da Hausa ga abin da ya shiga, ga abin da ya rage, da wuya a yi masa wannan. Mutane suka ce sakacinsa ne. Ni ban ce ba shi da nasa ba, amma wanda ya gina rijiya ba murfi a bakin hanya shi ma yana da tambayar da zai amsa.

Sai maganar alamomi. Hoton ambulan yana nufin saƙo ga wanda ya saba karɓar wasiƙa. Ƙarfen maƙale takarda yana nufin haɗa hoto ga wanda ya yi aikin ofis. Gwaggona ba ta taɓa ganin ƙarfen nan ba, don me za ta san shi a fuskar waya?

Ko fassarar ma sai an yi hattara. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma ya fito da Hausa a 2016, duka abin yabo ne. Amma sa kalmar Hausa a kan madanni bai isa ba. Ɗauki madannin da mutum ke dannawa in ya canja ra'ayi. In ka rubuta "soke", wani zai tuna da wuƙa. In ka rubuta "fasa", wani zai tuna da tulu. Wacce ta fi? Ba a sanin wannan a ofis, sai an kai wa mutane an gani. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka tsayar tun shekarun 1930. Shekara da shekaru waya ba ta san da su ba, har yara suka saba rubuta baki a wurin baƙi, fada a wurin faɗa. Yanzu akwai allon rubutu na Hausa a manyan wayoyi, irin na Gboard, amma a ɓoye yake can cikin saituna, sai wanda aka nuna wa.

Babban kuskuren da ya rage shi ne zaton cewa waya ɗaya ta mutum ɗaya ce. A gidajenmu da yawa mace da wayar miji ko ta ɗa take amfani. Waya takan kwana a shagon mai caji. A 2014 WhatsApp ya kawo alamar nan shuɗiya mai nuna an buɗe saƙo. A wurin mai waya shi kaɗai, daidai ne. A wurinmu kuwa yaro ne ya buɗe yana neman wasa, can kuma suruka ta yi fushi, wai an ga saƙonta an ƙi amsawa. Na sha zama sulhu a kan abin da bai wuce wannan ba.

Ƙota mai ƙaya

Akwai kuma wani gefe da ya wajaba iyaye su sani. Gwanintar gyaran ƙota wuƙa ce, tana yanka nama tana yanka yatsa. Kamfanin da ke cin abinci da talla yana so ka daɗe kana kallo, saboda haka sai ya sa gwanayensa su gano abin da ke riƙe ido. A 2006 wani mai ƙira, Aza Raskin, ya fito da dabarar shafin da ba ya ƙarewa, kana ja sama wani na fitowa. Daga baya shi da bakinsa ya nuna nadama. Tuwo in ya ƙare a kwano mutum yakan san ya ci. Wannan kwano kuwa an huda gindinsa ana ƙaro tuwo ta ƙasa. In ka ga ɗanka ya kai tsakar dare yana shafa waya, ga makaranta gobe, ka tsawata masa, amma ka sani da gwanaye yake kokawa.

Haka nan sauƙin tura saƙo gaba. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zaga ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi 'yan'uwansu da asuba saboda ƙauna, aka kwantar da wasu a asibiti, har aka ba da labarin rasa rayuka. Magana zarar bunu ce, ga shi an ba ta fiffike. Bayan jita-jita ta jawo kashe-kashe a Indiya, WhatsApp ya fara sa wa saƙon da aka turo alama a 2018. A Janairun 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri 5 a lokaci ɗaya a duk duniya. A Afrilun 2020 ya ce saƙon da ya riga ya zaga da yawa, mai kibiya biyu a kansa, wuri ɗaya kawai za a iya tura shi a lokaci guda, kuma kamfanin ya ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin 100. Ka ga, ba wa'azi aka yi wa kowa ba, madanni aka ɗan tsaurara, hali ya canja. Wannan ya nuna mana irin ƙarfin da ke hannun mai ƙira, da irin nauyin da ke wuyansa.

To, me ya rage gare mu?

Magana ta fari ga samarinmu da 'yan matanmu da ke koyon rubuta manhaja a Jami'ar Bayero da sauran makarantun Kano. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba ku bukatar jirgi kafin ku ga abin da Chipchase ya ƙetare teku ya gani, kuɗin mota zuwa Dawanau ya isa. Wani masanin wannan fage, Jakob Nielsen, ya nuna a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum 5 kawai yakan tono mafi yawan matsalolin kaya, wajen kashi 85 cikin 100. Ku sami mutum 5 irin waɗanda kuke yi wa aikin, ba abokan ajinku ba: dillali, mai ƙosai, dattijo, amarya, ɗan dako. Ku nemi izininsu, ku gaya musu kayan ake gwadawa, ba su ba. Ku ba su aiki guda, misali su tura wa wani N500. Sa'an nan ku kama bakinku. Kada ku nuna, kada ku karɓe wayar. Ku kuma tuna da kunyar mutanenmu: in ka tambayi Bahaushe ko abu ya yi kyau, zai ce ya yi, don kada ya kunyata ka. Ku dubi yatsansa, ku bar bakinsa. Mata kuma a tura musu mace, a same su a cikin gida.

Ta biyu ga masu koyar da manya karatu. A Nijar, a jihohin Doso da Damagaram, ƙungiyar agaji ta Katolika, CRS, ta gudanar da azuzuwan yaƙi da jahilci da Hausa da Zabarmanci a 2009 da 2010. A wasu ƙauyuka aka haɗa da koyon ƙaramar waya, a wasu ba a haɗa ba. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koyi waya sun fi ci a rubutu da lissafi, gama sun sami wurin yin aiki da abin da suka koya kullum. Saboda haka gyaran ƙota bai kore karatu ba, hannu biyu ne ke wanke juna. Mu sa waya a cikin darasi.

Ta uku ga kowane gida. In tsoho ya kawo maka waya, kada ka fizge ka danna ka mayar masa, gobe ma zai dawo. Ka bar ta a hannunsa, ka bi da shi a hankali har yatsansa ya haddace hanya. Ka nuna wa iyayenka mata cewa a yawancin manyan wayoyi, in an kunna saƙon murya aka kara a kunne, mai ita kaɗai ke ji. Ka nuna musu kibiya biyun nan, ka ce in sun gan ta su dakata su tambaya. Lambar sirri kuwa, ko kai kada ka yarda a gaya maka. Mai babbar waya da data kuma yana iya ba da muryarsa kyauta a shirin Common Voice na Mozilla, inda ake tara muryoyin Hausa domin na'ura ta koyi jin harshenmu.

Gwaggona dai na zauna da ita yamma uku. Na sa mata lambar ɗanta a madanni na 2, in ta danna ta riƙe sai ta kira shi. Na sa wa kiransa kiɗa daban, tun daga madafa ta san shi ne. Muka je aka canja lambar sirrin, na juya baya ta zaɓi tata, ta haddace ta da yatsa. Ranar kasuwa na hango ta a rumfar cirar kuɗi, yaron ya miƙo hannu kamar yadda ya saba, ta ce, "A'a, yaro, kawo nan." Ta kare da gefen mayafi, ta danna abinta.

Saƙon banki kam har yau da Turanci yake zuwa, har yau kuma sai ta nemi mai karanta mata. Wannan ba ni ke da gyaransa ba, ba kuma ita ba. Yana wuyan waɗanda suka sassaƙa ƙotar. Allah ya ba su kunnen ji, mu kuma ya ba mu haƙurin koya wa iyayenmu, amin.